Sabulun Baba Ƙirgau

Kafin masu shagunan layin kayan mota su fara jan ƙofofinsu, Baba Ƙirgau ya riga ya share gaban rumfarsa, ya yayyafa ruwa, ya fito da bencinsa mai gajeriyar ƙafa ɗaya ya tokare shi da dutse. Sai ya hau rataye faya-fayan kuloci a jikin ƙusoshi, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Faifan kuloci yana da rami a tsakiya mai haƙora, nan sandar giyabos ke shiga, kuma haƙoran nan su suka ja masa suna. Ko wa ya zo, ko da lambar kaya a rubuce, Baba ba zai miƙa faifai ba sai ya sa tsinken ashana ya ƙirga haƙoran a gaban mutum, bakinsa na motsi. Shekara arba'in da 'yan kai yana haka. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfa. Idanu sun fara yi masa gardama, 'ya'yansa mata kuma sun haɗa kai sun ce ya isa.

Ba zan iya tsayawa gabansa in faɗi wannan da baki ba, shi ya sa na rubuta.

Mai waldan da ke kusa da shi ya ce ya taɓa ganin wani direban bas yana rantsuwa faifan da ke hannunsa shi ne na motarsa, Baba ya ƙwace ya mayar kan ƙusa ya ce, "Je ka zage ni a gida, ya fi min ka mutu a gangara." Mai shayin bakin layi kuma ya ce ko bakanikan da ke yi masa dariya, in kaya ya gagare su, ta bayan rumfa suke zagayowa su tambaye shi a hankali.

Amma abin da ya yi wa gidanmu, wannan a idona aka yi.

Mahaifinmu ya rasu ya bar motar akori-kura, tsohuwa, ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. Yayana ke janta, yana kai wa magina bulo da yashi, da ita gidan ke ci. Ranar da kulocinta ya ƙone, bakaniken unguwa ya sauke giyabos, Yaya ya tafi kasuwa ya faɗi sunan mota da shekararta, aka ba shi sabon faifai a kwali. Bai shiga ba. Ya koma ya sayo wani, bai shiga ba. Na uku ma haka. Da aka ce a kawo tsohon a gwada da shi, bakanike ya sosa ƙeya, ashe tun ranar farko ya jefa wa masu tsintar ƙarfe.

Sati shida mota na kan duwatsu a bakin gareji, har kaza ta fara ƙwai a ƙarƙashinta. Magina suka fara kiran wani direba. Sai Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ke da ta cewa a kan kayan gado, ya zo ya zauna a tsakar gida ya ce wa Inna, "Motar nan ta girmi yaron nan. Kayanta sun ƙare a duniya. Ranar Asabar masu yankan mota za su zo su raba ta, kowa ya huta."

Yaya ya ce, "Baffa, in aka yanka ta, ni me zan ja?"

"Ka ja baro. Ba a canza masa kuloci."

Abincin Inna a rufe ya kwana. Ranar Litinin ke nan.

Washegari Yaya ya kwashi faya-fayan nan ya nufi rumfar Baba Ƙirgau, ni kuma Inna ta ce in bi shi kada ya yi faɗa da wani. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ina tsohon?"

"An yar."

"An yar! Ka je neman wa mutum takalmi ka baro ƙafar a gida?" Ya miƙe ya ja ƙofar rumfa. "Mu je in ga mara lafiyar."

A gareji bai ko kalli motar ba. Giyabos ɗin da ke yashe a ƙasa ya nufa, ya durƙusa, ya goge sandar da gefen rigarsa, ya fito da ashana. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Ashirin da ɗaya. Naku duk ashirin da huɗu ne. Direba, wannan giyabos ba nata ba ne. Babanku dashe ya yi mata."

Bakanike ya ce, "Haba Baba, shekara nawa ina taɓa motar nan?"

"Kana taɓa ta dai, ba ka taɓa tambayarta ba."

Da muka faɗa wa Inna daga baya, sai ta dafe kai. Ta tuna shekarar da aka yaye Yaya mahaifinmu ya shigo da wani ƙaton ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar bas, har ya ɓata mata tabarma da baƙin mai. To ga inda matsalar take: faifan da zai yi wa injin daidai ba ya shiga sandar, wanda zai shiga sandar kuma ya yi wa injin faɗi.

Baba ya juyo gare ni. "Ƙanwar direba, samo min sabulun wanki, mai laushi." Na kawo. Ya danna shi a bakin sandar har haƙoran suka fito raɗau a jikinsa, don a cewarsa ƙirga kaɗai ba ta isa, sanda ma akwai mai kauri akwai siririya. Ya shiga ƙarƙashin mota ya yanko kwali daidai faɗin inda faifan ke kwanciya. Ya naɗe sabulu a hankici ya sa a aljihu.

Yaya ya ce, "Baba, Asabar fa."

"Na ji. Yau Talata."

Ranar Laraba ya bi layin kayan mota shago shago, babu. Alhamis ya rufe rumfa ya shiga bas zuwa filin da ake tara matattun motoci a bayan gari. A hanya wata mata mai ƙaton kwando ta matse shi, sabulu ya lotse. Ya dawo gareji da la'asar, ƙafafu sun kumbura, ya ce in sake sayo wani.

Mai shayi ya ce, "Baba, wanki ka koma yi ne?"

"Iyalina ma ta tambaya. Ta ce in na gama da na waje in taɓa na gida."

Wannan karon a gwangwanin madara ya sa shi. Yaya ya ce ya bari haka, ya gode, kada tsoho ya faɗi a kan motar wani. Baba ya harare shi. "Wanda ya ƙera sandar nan ya ƙera mata faifai. Yana nan kwance wani wuri. Ni dai ban ɗaga ƙarfen da ke kansa ba tukuna."

Juma'a suka koma filin shi da Yaya. Yaya ya ce tsohon nan tsugune ya yini cikin tsatsa, yana jawo faifai, ya ɗora kwali, ya kara sabulu, ya ƙirga, ya jefar. Wani ƙarfe ya yanke shi a yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Sai wajen la'asar, ƙarƙashin kujerar wata motar ɗaukar burodi da ta daɗe da mutuwa, ya jawo ɗaya ya gwada. Faɗi ya yi, haƙora ashirin da ɗaya, ko ɗaya bai karye ba. Sai dai fatar da ke kama injin ta cinye har ƙusa. A rumfarsa ya cire sabuwar fata daga ɗaya cikin waɗanda Yaya ya sayo, ya huda, ya buga ta a jikin tsohon, ƙusa bayan ƙusa, fuskarsa kusa da guduma saboda ido.

Asabar da hantsi Baffa ya iso da mutum biyu da tukunyar gas ta yankan ƙarfe. Bakanike na ƙarƙashin mota yana ɗaure noti na ƙarshe. Baba ya tura musu benci.

"Alhaji, zauna a kawo shayi. In ba ta tashi ba, ni zan riƙe musu tiyo."

Aka sauke ta daga duwatsu. Yaya ya tayar, ya taka kuloci, ya tura giya ta ɗaya. Ta shiga ba ko ƙara. Motar ta gangara titi, ta biyu, ta uku, har kwana ta dawo. Baffa ya shanye shayinsa, ya sallami mutanen, ya zagaya motar sau ɗaya yana taɓe baki.

"Tunda ta tashi," in ji shi, "akwai buhunan siminti a ƙofar gidana tun jiya."

Baba, kai ne ka ɗauki motar marayu kamar taka. Kai ne ka rufe rumfarka kwana biyu, ka tsuguna cikin tsatsa da gwiwoyin da ko a sallah sai ka dafa bango. Ba ka san mahaifinmu ba, amma kai kaɗai ka karanta aikin hannunsa bayan shekara talatin. Gwanin faifai, mai ido a yatsa. Inna ta ce in gaya maka kana cikin addu'arta, Yaya kuma yau sawu huɗu ya yi na yashi.

Ku masu shaguna da gareji da za ku ci gaba bayansa, sauran kwana tara ya rufe. Ku je ku zauna a bencin nan ku kalli hannunsa tun yana nan, ku yi masa tambaya ta ƙofar gaba. Tsofaffin motoci ba su ƙare ba, gidajen da ke ci da su ma ba su ƙare ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara wa idanun nan haske, ya sa ka huta cikin jikokinka lafiya.