Aduwar da ta rage a gonar Doka

Ummusalama 'yar Mailafiya ce, wani mai zuba iri a wata babbar gonar dawa kusa da garin Doka. Aikinsa shi ne ya zauna a kan injin shuka da tarakta ke ja, yana lura kada irin ya toshe. Tun da aka share dajin wurin domin inji ya samu hanya, itace ɗaya aka bari, wata tsohuwar aduwa. A gindinta ma'aikata ke cin abinci, su yi salla, su fake in hadari ya taso.

Da Ummusalama ta shiga jami'a a birnin Gadarif, darasin yanayi ne ya fara hana ta sukuni. Malamin ya zana yadda iska mai zafi ke hawa sama, yadda gajimare ke yin tsiri kamar hasumiya, sannan ya ce tsawa ta fi faɗa wa abin da ya fi kowa tsawo a fili. 'Yan aji suna rubutu, ita kuwa aduwar take gani, da mahaifinta a ƙarƙashi.

Da hutun damina ta bi motar kai iri zuwa gonar. Bayan azahar gabas ta yi baƙi. Mudi direba ya kashe tarakta, Mailafiya ya sauko ya nufi itacen.

"Baba, don Allah kada ka je can. Mu shiga gaban mota."

"Daktora ta fara," in ji Mudi yana dariya, yana tsokanarta da sunan likita saboda karatunta. "Alhaji, yau aduwarka ta yi laifi."

"Ummu, tun ba a haife ki ba nake fakewa a nan."

"Na sani, Baba. Amma duk filin nan babu abin da ya kai ta tsawo. Mota kuwa ƙarfenta ke kai wutar ƙasa."

Walƙiya ta haska, ƙarar ta biyo nan take. Ta riƙe hannun rigar mahaifinta. Ya dube ta, ya ce, "Halas, shi ke nan," ya bi ta.

Suka zauna a matse, ruwa na dukan rufi. Da aka ɗauke, aduwar na tsaye lafiya lau.

"To, ga ta nan," in ji Mailafiya. 

Ta koma makaranta ba tare da ya yi mata alkawari ba. Wata la'asar, tana fitowa daga aji, ta hango hasumiyar gajimare ta wajen Doka. Ta kira wayar Mudi, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Can sai ga muryarsa cikin rugugin ruwa.

"Ina Baba?"

"Ga shi nan ya cika min gaban mota, sai mita yake yi. Ya ce ki bar mutane su sha shayi."