Sanduna Arba'in da Riga Ɗaya

Kawuna ya yi shekara ashirin da shida yana tsaron ƙofar dutsen da ke bayan garinmu. Shekara ukun ƙarshe ya yi su ne da wata riga rawaya ɓoye a ƙasan akwatin ƙarfe, a ɗan ɗakin da yake aiki. Rigar ɗansa ce, kuma duk tsawon lokacin bai gaya wa matarsa tana nan ba.

Ni mai aski ne. Duk sati biyu Kawu yana zuwa shagona, ko da yake gashin da ya rage masa bai cika cokali ba. Yakan ce ba don gashin yake zuwa ba, don kujerar ce, tana kwantawa baya. A wannan kujerar na tsinci labarin nan kaɗan-kaɗan, yau ya ba ni gutsure, wani satin ya yi shiru har in gama in kakkaɓe masa wuya.

Wanda bai taɓa hawa dutsen ba zai ɗauka wahalarsa a hawan take. Awa biyun farko gumi ne kawai da haki. Bayan nan sai hanyar ta fita daga cikin itatuwa ta hau gadon bayan dutsen, inda a wani wurin faɗinta bai wuce tabarma guda ba. Hagu rami, dama rami. Babu abin dafawa sai sarƙa da aka zura ta cikin turakun ƙarfe goma sha biyu. Masu hawa suna kiran wurin bakin wuƙa. Idan iska ta taso a can, ƙato ma rarrafe yake yi, kuma da rana ta karkata sanyin wurin yana shiga ƙashi.

Aikin Kawu shi ne ya tsaya a ƙasa ya tace mutane. Ba ya fara kallon fuskar mutum, ƙafarsa yake kallo. Mai silifas ya koma, mai takalmin da ƙasansa ya cinye ya koma, ko da daga wace ƙasa ya zo. Akwai wani tsumma da ya ɗaure a kan doguwar gora a gefen ɗakin. Idan iska ta miƙar da tsumman ya tsaya sak, ya rufe ƙofa ke nan. An sha zaginsa. Wani babban mutum ya taɓa ce masa bai san da wa yake magana ba, Kawu ya ce gaskiya bai sani ba, iskar ma ba ta sani ba.

Amma abin da aka fi saninsa da shi sanduna ne. Ba ofis ya sa shi ba, dabararsa ce. Ya sassaƙa sanduna arba'in, ya ƙona wa kowace lamba da jan ƙusa, ya kafa musu ƙusoshi arba'in a bango. Duk mai hawa sai ya ɗauki ɗaya, idan ya sauko ya mayar. Littafin sa hannu yana nan, amma Kawu ya ce mutum yakan manta ya sa hannu, ba ya mantawa da sandar da ke hannunsa. Bayan la'asar sai ya bi bangon da tafin hannu. Idan ƙusa ɗaya ta soke shi babu sanda a kanta, ya san akwai rai a sama, sai ya ɗauki igiya da ruwa ya hau. Ta haka ya sauko da mutane da yawa: masu targaɗe, waɗanda gajimare ya rufe wa hanya, da wani malamin makaranta da ya rungume turke na huɗu ya rantse ba zai sake shi ba sai an kira uwarsa.

A shekarun farko, bayan ya ƙirga sanduna, yakan tsaya a bakin ƙofa ya bi gadon dutsen da madubin hangen nesa, turke bayan turke. Da shekaru suka tafi sandunan ba su taɓa yi masa ƙarya ba, sai madubin ya koma kan taga yana tara ƙura.

Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce ita ta haifa masa ɗa ɗaya da kyar, shi kuma ya je ya haifi arba'in a bayan gari ba tare da ya shawarce ta ba. Ɗan nasu Auta muke ce masa, ko da yake shi ne na fari shi ne auta. Ya girme ni da shekara biyar. Mai walda ne, shagonsa yana can ɗaya ɓangaren dutsen, kusa da tasha, kuma yana da katifa a bayan shagon don ranakun da aiki ya yi yawa. Rabin turakun bakin wuƙa shi ya ƙera su. Idan ɗaya ya fara girgiza, shi ne yake hawa da guduma ya gyara, sau da yawa kuma ba ya dawowa ta ƙofar ubansa, sai ya gangara ta wata siririyar hanya ta can baya ya faɗa shagonsa.

Auta bai taɓa ɗaukar sanda ba. Kawu ya taɓa miƙa masa ɗaya tun yana saurayi, ya yi dariya ya ce, “Haba Manaja, ɗan gida da lamba? Ba wa baƙinka.” Manaja yake kiran uban nasa don tsokana, uban kuma yana ce masa Bunsuru saboda yadda yake tsalle a kan duwatsu. Kawu ya ce mini a lokacin daɗi ma ya ji. A ganinsa sanda ta wanda dutsen bai sani ba ce.

Ranar da abin ya faru, 'yan makaranta ne suka cika wurin, kusan talatin. Wata yarinya a cikinsu ta gurɗe ƙafa tun kafin su yi nisa, aka dawo da ita tana kuka. Kawu yana durƙushe yana ɗaure mata ƙafar Auta ya wuce ta bayansa, ya ce zai leƙa turke na bakwai, an ce masa yana motsi. Kawu ya ce “to” bai ɗago ba. Bai ma ga rigar da ke jikinsa ba.

Da la'asar ya shafa bango. Arba'in cif. Ya tuna da Auta, ya ce a ransa ai ya gangara ta baya. Ya sa kwaɗo, ya ɗauki kekensa. Da Inna ta tambaya, ya ce yaron yana shago, ta rufe masa abincinsa ta ajiye kamar yadda ta saba.

Washegari da safe yana neman makulli a aljihu a bakin ɗakin, sai ya ɗaga kai haka kawai. Can ƙasan bakin wuƙa akwai wani abu rawaya yana kaɗawa. Ba ya ma buƙatar madubi.

Ya ce bai san yadda ya hau ba. Turke na bakwai ya tumɓuke gaba ɗaya, yana reto a jikin sarƙa. Ƙasa da shi, kamar tsayin gida mai bene, akwai wani ɗan tudu da ya turo daga jikin dutsen. A nan Auta yake, ya jingina da dutse, ƙafarsa ɗaya a karye, daga shi sai singileti. Ya tuɓe rigarsa ya ɗaura a ƙotar guduma, ya cusa kan gudumar a cikin tsaga yadda rigar za ta fuskanci ƙofar ubansa. Ya san daga inda ake kallo. Rigar da za ta ɗan tare masa sanyi, ita ya ba iska don a gan shi.

Kawu ya kwance rigar ya cusa a cikin tasa kafin masu taimako su iso. Likita ya gaya masa, shi kaɗai, cewa ba faɗuwar ce ta kashe yaron ba, sanyi ne, kuma ya ɗauki lokaci. A gida Kawu ya ce wa Inna nan take ne, ko shurawa bai yi ba. Haka ya gaya wa kowa, har da ni.

Bayan sati biyu ya koma aiki. Ya goge madubin. Daga ranar babu ɗan gida. Ma'aikatan ofis, masu gyara, shi kansa, ko bayan ɗaki zai zaga sai ya ɗauki sanda, har masu zuwa suna yi masa dariya suna cewa tsufa ya kama shi. Da yamma kuma sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi ta kallon sama har masu shayi na bakin titi su kira shi. A gida shi da Inna suna zaune lafiya. Tana yawan cewa abu ɗaya ne yake sanyaya mata rai, da yaron bai sha wahala ba. Duk ranar da ta faɗi haka, Kawu ba ya iya cin abinci.

A shekara ta uku gwiwoyinsa suka ƙi. Ofis ya ce ya huta, ƙarshen wata wani zai karɓi ɗakin, ya kwashe kayansa. A ranar ne ya shigo shagona da baƙar leda, ya zauna bai ce a yi masa aski ba. Ya jira har mutum biyun da ke gabansa suka tafi, sannan ya gaya mini komai, daga ƙafar yarinyar har gudumar. Ya ce ya yi niyyar ƙona rigar, ya kunna ashana uku yana kashewa. Ya ce in ajiye masa ita.

Na ce to, na miƙa hannu. Ya riƙe ledar bai saki ba. Muka jima a haka.

“Idan na ba ka, na ƙara wa ƙaryar mutum ɗaya,” ya ce.

Ya tashi da ledarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce in yi masa addu'a, ya fi tsoron tsakar gidansa a yau da bakin wuƙa ranar iska.

Sati uku bai zo ba. Ni ma ban iya zuwa gidan ba. Da ya zo ya rame, gemunsa ya fito fari fat. Na kwantar masa da kujera, na shafa masa sabulu, shi kuma ya rufe ido ya fara magana.

Ya ce ya sami Inna tana tsintar shinkafa a bakin ɗaki. Ya ajiye ledar a kan tabarma. Ta buɗe, ta fito da rigar, ta shimfiɗa ta a cinya tana gyara mata wuya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ita ta goge wannan rigar da safiyar ranar. Da aka kawo mata kayan Auta, wando da singileti da takalmi, ta nemi rigar ba ta gani ba, kuma ta san wanda ya mutu nan take ba ya tsayawa tuɓe riga. Ta ce ta yi ta faɗin cewa bai sha wahala ba ne ko wata rana bakinta zai rinjayi zuciyarta.

Kawu ya gaya mata sauran. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye shi abu biyu.

“Ya ji sanyi?”

“Ya ji.”

“Daga ƙofarka ana ganin rigar?”

“Ana gani.”

Ta ninke rigar ta shiga ɗakin Auta ta rufe ƙofa. Tun daga ranar a can take kwana. Tana dafa abinci ta ajiye masa a inda ta saba, tana amsa gaisuwarsa, shi ke nan. Ya ce da ta zage shi da ya fi samun sauƙi.

Ana saura kwana biyu ya miƙa makulli, ta fito da mayafinta ta ce ya kai ta ta gani. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa zuwa wurin aikinsa ba, ita ba ta son tudu, ko kan kujera ba ta hawa. Suka shiga mota har bakin hanya, suka taka sauran a hankali, gwiwarsa da tata duk ɗaya. Ta shiga ɗakin ta kalli sandunan a jere, ta taɓa guda ɗaya. Ta fito ta tsaya a daidai inda yake tsayawa ya sa kwaɗo, ta ce ya nuna mata.

Ya nuna mata da yatsa. Idonta ya yi rauni, ta kasa gane wurin. Ya miƙa mata madubin, ta ture. Ta sa hannu ta kare rana, ta daɗe tana kallon gadon dutsen.

“Da nisa, Malam,” ta ce. “Ai da nisa.”

Da suka juyo, ta riƙe hannun rigarsa a gangaren, abin da ba ta yi ba tun suna da ƙuruciya. Daren nan ma a ɗakin Auta ta kwana.

Na tsayar da aska. Na ce masa wataƙila gaskiya ta faɗa, ni ma na taɓa tsayawa a wurin, dutsen yana da girma. Ya buɗe ido yana kallon silin.

“Tausayina ta ji,” ya ce. “Ba nisa, ɗana. Da na ɗaga kai kawai, da na gan shi.”

Na ƙarasa masa askin. Da ya tashi ya tsaya yana lalube a gefen kujera, sai na gane sanda yake nema. Ya bar su duka arba'in ɗin a bango wa wanda ya gaje shi, bai ɗauko ko ɗaya ba. Na raka shi har bakin titi yana dafa kafaɗata.