Yadda Cindo Ya Mayar da 'Yarsa 'Yar Gumel

Cindo ɗan acaɓa ne a Maigatari, kuma duk faɗin iyakar nan babu wanda ya kai shi tsoron tambaya. Ko kaza ce ta tsaya a gabansa ta karkata kai kamar mai son jin wani abu, sai ya taka birki ya fara laluben aljihu. A wata ruga aka haife shi a ƙasar Sule Tankarkar, da yatsa shida a hannun dama, dangi kuwa sun daɗe da yarda cewa an ƙara masa na shidan ne don ya ji daɗin sara wa masu kaki.

Shanun ubansa sun ƙare tun yana saurayi: wasu ciwo, wasu fari, sauran kuma sulhu da manoma ya cinye. Bijimin ƙarshe ya sayar ya sayi babur, ya shiga jigilar mutane da buhuna tsakanin kasuwar Maigatari da ƙauyukan tsallake. Hanyar nan ce makarantarsa, darasi ɗaya tak ta koya masa: in aka tsare ka a wannan ɓangaren, kai Bahaushe ne ɗan Gumel, ba ka san Nijar ba, ba ka jin Fillanci. Ya taɓa wuni a tsugune a shingen hanya don kawai ya amsa waya da Fillanci. In yana ba da labarin, rana sai da ta sauko ta zauna a kan ƙeyarsa.

Matarsa Ummi 'yar wajen Dungas ce, cikin Nijar. Da cikin fari ya tsufa ta tafi gida haihuwa kamar kowace mace, can aka haifi Sumayya. Kakarta ta riƙe ta, ta sa ta a lakwal, makarantar bokon can, sai da tsohuwa ta rasu aka dawo da ita Maigatari da harshe uku a baki: Fillanci, Hausa da Faransanci. Cindo ba ya kiran sunanta, 'yar fari ce. "Ke," ko "waccan," shi ke nan. Amma duk fasinjan da ya hau bayansa sai ya ji labarin wata yarinya a unguwarsu da ke zuwa ta ɗaya a ajin da ba rufi, ba benci, malami ma sai ya ga dama. Firamare kuwa bana za ta ƙare, kuma Cindo ya san abin da ke biye: farantin tallan awara a tasha.

Sai ga wata makarantar kuɗi an buɗe a Gumel, wai ita Intanashinal. Tutocin da aka jera a bakin ƙofarta sun isa a ɗinka wa duk garin Gagarawa kayan Sallah. 'Ya'yan ma'aikatan kwastan ne a ciki, da na likitoci, da na manyan 'yan kasuwa, Yarbawa da Ibo da Barebari, har da wani farin yaro da ake tsayarwa a gaba duk ranar ɗaukar hoto. Wani fasinja ya ce wa Cindo suna ɗaukar wasu yara kyauta, ci da kwana, har gama sakandare. Mutumin bai ƙarasa bayani ba Cindo ya sauke shi, ya juya gida.

Ranar nan aka buɗe makarantar Cindo a tsakar gida.

"Ke, 'yar ina ce ke?"

"'Yar Gumel, Bappa."

"Ba Bappa ba! Baba! Kina son su ji warin nono tun daga ƙofa? Me kuke yi a gida?"

"Hausa."

"Kin san Nijar?"

"A rediyo nake ji."

Ummi tana tankaɗe ta ce, "Malam, makaranta fa za ku, ba shinge ba."

"Duk inda kika ga tebur da biro, shinge ne. Ke me kika sani? Ni aka tsugunar."

Ya sa aka tsefe mata kitson Fulani aka yi mata shuku, aka cire 'yan kunnen kakarta, aka aro hijabi mai jan ƙasa.

Ranar jarrabawa yarinya ta gama rubutu tun sauran suna cizon biro. Aka kira ta da ubanta ofishin shugaban makaranta, Malam Abdurra'uf, wani siriri mai tabarau da yawan murmushi. Murmushin ne ya fi tayar wa Cindo hankali, don a saninsa mai kaki ba ya murmushi sai ya gama kama ka.

Malam ya tambaye ta yaren gida, ta ce Hausa. Ya ce, "Hausa kawai?" Ta ce kawai. Ya duba takardar lissafinta ya ce, "Wannan bakwai ɗin da kike ɗaura wa ɗamara a tsakiya, ai irin rubutun 'yan tsallake ne. A ina kika koya?"

Cindo ya yi zumbur. "Hannunta ne ke rawa, ranka ya daɗe. Gado ne. Mu kaf Gumel aka binne cibiyarmu."

Malam ya gaishe ta da Faransanci, a hankali, kamar mai lallashi. Amsar ta zo mata har leɓe. Ta dubi ubanta, ta haɗiye.

Cindo ya fito yana ji kamar ya tsallaka da tirela ba a bincika ba. A hanya har tsire ya saya mata.

Da ya koma jin sakamako, Malam Abdurra'uf ya ba shi kujera, ya yi masa bayanin da fasinjan nan bai samu ƙarasawa ba. Masu ɗaukar nauyin yaran so suke makaranta ta haɗa iri-iri, don haka suka raba guraben: ɗaya na Hausawan gari, ɗaya na 'ya'yan makiyaya, ɗaya na yaro daga Nijar. Na Hausawan gari, layi tun daga ƙofa har tashar mota, kuma wani yaro ya ɗara Sumayya da ƙiris. Sauran biyun kuwa, waɗanda aka ba ko rabin makinta ba su samu ba.

"Shi ya sa na yi ta zagaye-zagaye ranar nan," in ji Malam. "Na so a ce 'yar tsallake ce."

Cindo ya ji kujerar tana nitsewa da shi. Sai bakinsa ya ɓalle da Fillanci, irin wanda rabonsa da yi a gaban tebur tun yana da duka haƙoransa. Ya rantse, ya lissafo kakanni, ya ambaci shanun da suka mutu da sunayensu.

Malam ya cire tabarau ya murza ido. "Malam Cindo, tun da maganar nan ta fita, duk Gumel ta koma Fulani. Jiya Ɗantsoho mai shayi ya zo min da sanda da malafa. Ina takardar haihuwarta?"

Takardar tana aljihunsa. Gumel aka rubuta. Shi da kansa ya yi zarya ya samo ta a haka tun shekarar da aka dawo da yarinyar, ya daɗe yana alfahari da ita.

Bai haƙura ba, washegari ya ɗauko Sumayya. A gaban Malam ya ce, "Ke, yi masa. Duka ukun."

Ta tsaya tana kallonsa, don ta tabbatar ba gwaji ba ne. Sannan ta yi. Ta yi Fillanci, ta juya Faransanci, ta karanta wani abu da ke manne a bango ba ko gargada. Malam ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye.

"Na yarda," ya ce. "Wallahi na yarda. Amma an tura sunaye, an kira iyayen yara, an auna musu kaya. Wa zan cire?"

"To baɗi fa, ranka ya daɗe?"

"Baɗi shekarunta sun wuce."

Suka hau babur. Cindo ya ja, suka bar gari. Can gaba suka hango shinge, masu kaki suna ɗaga hannu. Yarinyar ta matso kusa da kunnensa.

"Bappa, in sun tambaye ni, 'yar ina zan ce?"

Ya rage gudu.

"'Yar Gumel," ya ce.

Sati na zagayowa Ummi ta wanke faranti, ta jiƙa waken suya.