Ranar da kwamfutar Kumasi ta ɗauke

A kamfanin motocin bas da na fara aiki, ni ke kula da manhajar da ta haɗa tasharmu ta Tamale da babbar kwamfutar kamfani a Kumasi. Duk tikitin da aka yanka a nan, sai can ta amince. In wani abu ya lalace a tsakani, abu ɗaya allo ke nunawa: Error 500.

Hajiya mai yankan tikiti, wadda a shekaru ta haife ni, ta gaji da shi. Wata safiya ina sauka daga babur ta ƙwala mini kira ta taga.

"Ɗana, wannan era ɗin naka me yake nufi? Kujera ce ta ƙare, netwok ne, ko motar ce ta fasa tashi? Fasinja na tambayata, ni kuma na saki baki."

Na ce, "Hajiya, duka ukun yake nufi."

"To, koya masa magana."

Na bi manhajar layi-layi. Ashe duk kuskuren da ya faru rami ɗaya ake jefa shi. Na rarraba su, kowanne da lambarsa da saƙonsa, na kuma tsara cewa in Kumasi ta yi shiru, a riƙe tikitin a nan har ta dawo. Oga bai so ba, wai aikin da ido ba ya gani ne.

Jajibirin Babbar Sallah da hantsi, tasha ta cika maƙil, har da raguna, sai kwamfutar Kumasi ta ɗauke. Na leƙa allon Hajiya, sai ga rubutuna: "Kumasi ba ta amsa ba. An riƙe kujerar. Kada a sake dannawa."

Hajiya ta miƙe ta faɗa wa layi da Hausa, ta maimaita da Dagbanci, ta ci gaba da yanka. Babu wanda ya ɗaga murya. Bayan azahar Kumasi ta dawo, tikitocin suka shige ɗaya bayan ɗaya, ba kujerar da aka ba mutum biyu.

Oga ya bugo yana tambayar me ya sa a Tamale kaɗai motoci suka tashi. Na yi masa bayani ina ƙoƙarin danne dariya. Ya ce washegarin Sallah in shirya, zan zagaya sauran tashoshin.

Har na isa gida a unguwar Vittin ina waƙa a kan babur.