Lambar Rilwanu

Rahinatu ƙanwata ce, a Kambarawa muka tashi. Tun tana ƙarama ba ta da surutu, amma a ba ta rediyon da ya lalace, sai ta kwance shi kaf. Da ta auri Rilwanu, mai shagon kwamfuta a bayan Babbar Kasuwa, muka ce an dace. Shi ya koya mata Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutarsa, har ta fi shi, yana kuma faɗa a gaban kowa.

Bara zazzaɓi ya ɗauke shi, bai ma jima a kwance ba. Ya bar ta da yara ƙanana.

Da ta fita takaba ta koma shago, ta tarar ƙanensa Nabil ya sayo sabbin kwamfutoci ya haɗa su da tsohuwar ta Rilwanu. Nan rikici ya taso. Ta ce mini kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani, kowane mai amfani da ita da tasa. Lambar Rilwanu a tsohuwar ita aka ba Nabil a sabbin, sai fayiloli suka cakuɗe, ayyukan mutane suka ƙi buɗuwa. Dole a daidaita lambobin su zama ɗaya ko'ina.

Ta zauna za ta sauya ta Rilwanu, na'ura ta ƙi, wai mai lambar yana kan aiki. Ashe ranar da ya tafi gida da ciwon kai bai rufe shafinsa ba, tsohuwar kuwa a kan sola take, ba a taɓa kashe ta ba. Sai an fitar da shi kafin lamba ta sauyu.

Wallahi makonni ta yi tana jan ƙafa. Kowace safiya sai ta duba su wa ke ciki, ta ga sunansa a saman nata. Masu kawo aiki suka fara komawa wani shago. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Rahinatu, inji ne fa! Marayun nan me za su ci?"

Ta ce, "Na sani, Yaya. Nan ne kaɗai ba a ce masa marigayi."

Wata Asabar ta ce in zo in zauna kusa da ita. Ta yi masa addu'a, ta buga umarnin fitar da shi da hannunta. Nan take lamba ta sauya, komai ya buɗe, Nabil yana ta hamdala. Ita ko ta janye hannun ta ɓoye cikin hijabi. Ban taɓa jin tausayin mutum haka ba.

Ta ce, "Yaya, yau ya rasu."