Keken Zauren Malam Ilu

Cikin ranakun aikina duka, babu wadda ta zauna mini a rai kamar wata Talata ta ƙarshen rani, a shekarata ta farko bayan na kammala karatun zanen gine-gine. Ina ba ku labarinta ne, ku da kuka shigo cikinmu kwanan nan, ko da yake ba labari ba ne da yake ɗaga darajata.

A lokacin, mutanen unguwarmu a Daura sun kafa kwamitin kula da tsofaffin gidajen ƙasa, ganin yadda ake rushe su ana tayar da na bulo. Dattawa ke zaɓen gidan da za a gyara, jama'a su kawo ƙasa da ruwa, magina su yi yaɓe. Ni aka naɗa jami'in bincike. Ƙa'idojin aikina uku ne: in auna gini, in ɗauki hoton kowane bango kafin a taɓa shi, sannan in rubuta wa shugaban kwamiti abin da za a bari da abin da za a cire.

Gida na uku da ya zo hannuna shi ne na Malam Ilu, wani dattijo da idanunsa suka rufe shekaru da dama. Fuskar zaurensa tana ɗauke da adon dagi tun na zamanin kakansa, aiki mai kyan gaske. Amma a daman ƙofa, daidai ƙirjin mutum, akwai siffar keke da aka tayar da ƙasa, tayarsa ta gaba a karkace. Ganinsa ya ɓata mini rai. A karatuna, keke baƙo ne a jikin irin wannan gini. Da na zo ɗaukar hoto, sai na matsa gefe don kada ya shigo. A rahotona na rubuta: "Ƙari ne na baya-bayan nan, marar fasali. A cire."

Shugaban kwamiti, Alhaji Mudi, ya karanta, ya ce, "Ka yi magana da masu gidan?"

Na ce, "Na yi, ranka ya daɗe."

Gaskiyar ita ce, babban ɗan Malam na kira ta waya, wanda yake kasuwanci a Kongolam, can bakin iyaka. Na ce masa za mu cire wasu ƙare-ƙare, ban ambaci keke ba. Ya ce mu yi duk abin da ya dace. Shi kuwa Malam, kullum ina wuce shi a bakin zaure da gaisuwa kawai. Ban ga abin da makaho zai faɗa mini game da ado ba. Wannan tunanin shi ne abin da na fi jin kunyarsa har yau.

Ranar Talatar, Malam ya tafi ta'aziyya Sandamu. Na nuna wa shugaban magina, Baba Tanko, takarda, na ce ya kankare keken.

Ya ce, "Injiniya, ka tambayi Malam?"

Na ce, "Shugaba ya sa hannu, Baba."

Ya ce, "Shugaba ba a gidan nan yake kwana ba. Ni dai hannuna ba ya ciki."

Na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Na karɓi cokalin gini, na kankare shi da kaina. Ƙasar ta yi tauri kamar dutse, sai da na yi gumi. Kafin azahar wurin ya zama sumul.

Bayan la'asar mota ta sauke Malam a bakin lungu. Ya taho da sandarsa, hannunsa na hagu yana shafar bango. Da ya iso zauren, sai hannun ya shiga lalube. Ya wuce ƙofar, ya dawo, ya sake shafawa sama da ƙasa. Magina duka suka tsayar da aiki.

Ya ce, "Tanko, gidana ne nan kuwa?"

Baba Tanko ya ce, "Gidanka ne, Malam."

"To, ina keken babana?"

Na matso, na durƙusa, na ce ni na cire, na kuma fara bayani a kan asalin gini.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce yana yaro zazzaɓi ya kwantar da shi, mahaifinsa ya ɗauke shi a keke zuwa asibiti. A hanya suka faɗa rami, tayar gaba ta lanƙwashe, uban ya saɓa shi a kafaɗa ya ƙarasa da ƙafa. Da ya warke, uban ya tayar da siffar keken da hannunsa, da karkatarsa yadda yake. "Tun da idona ya tafi, da shi nake gane ƙofata," in ji shi. Sannan ya ce, "Ai ka ɗauki hotonsa, ko? An ce mini kana ɗaukar komai."

Na ce, "Ban ɗauka ba, Malam."

Ya ce, "To, Allah Ya kyauta." Baba Tanko ya kama sandarsa, ya shigar da shi gidan da aka haife shi a ciki.

Washegari na je na faɗa wa Alhaji Mudi gaskiya duka, har da batun wayar. Ya ce, "Ba ni za ka ba haƙuri ba." Na koma wurin Malam, na roƙi gafararsa, na kuma roƙi izinin mayar da keken. Siffarsa ba ta rage a ko'ina ba sai a tafin hannunsa.

Ranar Alhamis na cire takalmi, na kwaɓa ƙasar da ƙafata. Baba Tanko ya ce, "Yau dai injiniya ya shiga ajin farko." Aka yi dariya, ban da ni. Malam ya ɗora hannunsa a kan na Baba Tanko, yana jan sa. Da tayar gaba ta fito da'ira sosai, sai ya ce, "A'a, karkata ta. Ƙara. Haka."

Bayan siffar ta bushe aka shafe ta da makuba, maganin ruwan damina. Malam ya daɗe yana shafa ta. Na tsaya ina jiran kalmar da za ta wanke ni.

Ya ce, "Ba shi ba ne, ɗana. Amma zan gane gida."

Tun daga ranar na ƙara wa kaina ƙa'ida ta huɗu, kuma ita nake sa wa a gaba. Kafin ku fito da ma'auni, ku zauna da wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ku tambaye shi labarin kowane tabo da ke jikin bango. Gini muka karanta a makaranta. Gida kuwa, masu shi ne suka san shi.