Faifan da Zira Bai Ji Ba

Shekara goma ke nan da muka binne mijina, Zira mai garmaho, wato injin kunna faifan waƙa, wanda tsofaffin 'yan kasuwar Mubi har yau suke kwatance da rumfarsa. Amma in lokacin ya zagayo, ba ranar jana'izarsa ce ke zuwa mini ba. Wata rana ce cikin damina, shekara uku kafin rasuwarsa. Mu biyar ne a tsakar gida: ni, da ƙanwata Masi, da Baba Tumba, wan mahaifin Zira, wanda idanunsa suka riga suka tafi, da Adda Dudu mai kawo mana nono daga Wuro Patuji, da Saratu, wadda ɗanmu Tizhe ya yi niyyar aura. Zira ba ya nan. Ya tafi Gella a kan keke gyaran garmahon wani malamin asibiti. Da gangan na zaɓi ranar.

Ban yi makaranta ba. 'Yar Masi, wadda take koyarwa a firamare, ita ke rubuta mini wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta sassauta ko kalma ɗaya don ta rufa mini asiri.

Zira ya koyi aikin a hannun wani ɗan kudu mai gyaran agogo, ya kuma fi maigidan nasa tsanani. Ba ya ɗora faifai sai ya zuba ruwa a murfin kwano ya aza bisa farantin da ke juyawa. In ruwan ya karkata gefe guda, sai ya yi ta cusa kwali ƙarƙashin ƙafar tebur har ruwan ya zauna daidai. Ko biki ya cika, ko amarya na jira, sai an yi wannan. Allura kuwa, in ta ci fuska ɗaya ta faifai ta gama aikinta, sai ya jefa ta a gwangwani. Masu wasa tsohuwar allura a kan dutse su sake amfani da ita, ya ce su da mai yanka akuyar aro duk ɗaya ne.

In dillali ya sauke kaya daga Kano ko daga Garwa ta Kamaru, Zira ba ya tambayar wane mawaƙi ne tukuna. Zai fito da faifan rana, ya karkata shi, ya ga ko haske na bin layukansa ba tsinkewa. Zai kwantar da shi kan gilashi ya danna bakinsa da yatsa, in ya yi rawa, to ya sha zafi a saman mota. Zai duba ramin tsakiya ko a tsakiyar yake. Yakan mayar da fiye da rabin kaya, dillalai suna zaginsa, suna kuma fara zuwa wurinsa kafin kowa. Lokacin ƙuri'a, masu cewa a bi Nijeriya da masu cewa a bi Kamaru duk sun zo hayar injinsa don tara jama'a. Ya ba kowa, amma ya ƙi a ɗora shi a bayan mota. Kowane ɓangare ya ce yana yi wa ɗayan aiki a ɓoye. Shi kuwa abin da ya dame shi kawai, bayan mota ba ya daidaita.

A ranin ƙuri'a ta biyu, wadda mu mata muka fara jefawa, wasu Turawa biyu suka zo majami'armu da na'urar ɗaukar murya, suna neman waƙoƙin addu'a da harshenmu na Kamwe. Tizhe ne ke ba da waƙa a lokacin, saura su amsa. Shi kaɗai Allah ya bar mana cikin huɗu da na haifa. Suka ɗauki waƙa biyu suka tafi. Kafin ruwan farko ya sauka, sanƙarau ya shigo unguwarmu. Kwana uku Tizhe ya yi a kwance, ya rasu.

Bayan shekara guda fasto ya zo gidanmu da wani abu tsakanin kwali biyu. Faifai ne guda ɗaya tak, na waƙoƙin Tizhe da Turawan nan suka ɗauka. Ya ce na gwaji ne aka aiko, ya ga ba wanda ya fi mu cancanta da shi. Ina tsaye ina jiran Zira ya ɗauko garmaho. Sai na ga ya fita da shi rana, kamar kayan dillali. Ya karkata shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya taɓa bakinsa da farce. Ya daɗe. Sannan ya mayar da shi cikin kwalinsa.

"Uwar Tizhe," in ji shi, "wannan ba na injinmu ba ne. Layukansa kamar gashi suke, jikinsa kuma da taushi. Allurar ƙarfe nome shi za ta yi. Gudunsa ma ba ɗaya ba ne da namu."

Ya ce akwai sabon inji mai batir, mai hannun allura mara nauyi, zai ba wani direba saƙo ya sayo masa daga Jos. Amma ruwa ya riga ya yanke hanya, sai kaka. Wata huɗu ke nan.

Abin da na gaya masa a ranar, da ranakun da suka biyo baya, ba zan sa a rubuta duka ba. Na ce faifai ya fi ɗansa daraja a wurinsa. Na ce ni na ɗauki ciki, shi abin da ya iya shi ne ɗaga kaya rana. Ya tsayar da faifan cikin akwati tsakanin manyan faifai biyu, ya kulle, ya ɓoye makulli. Shekara ashirin da biyar ina share ɗakin nan. Babu inda zai ɓoye mini makulli.

Ku da kuke karantawa kada ku ɗauka gaggawa na yi. Na daɗe ina kallon hannunsa, ba abin da ya wuce ni. Na fito da tebur inuwar rumfa, na zuba ruwa a murfin kwano, na cusa kwali har ya zauna. Na goge faifan da tsumman da yake gogewa. Na fasa sabon kwalin allura. Duk abin da na taɓa ganin yana yi, na yi. Na ce a raina, in na bi ƙa'idarsa ɗaya bayan ɗaya, sauran maganar tsoro ne kawai na mutumin da ya cika son kayansa. Masi ta ce in bari ya dawo. Na ce in ba za ta iya zama ba, ƙofa a buɗe take. Ta zauna.

Na murɗa hannun injin har ya cika, na sauke allura.

Abin da ya fito ba muryar mutum ba ce. Wata 'yar siririyar ƙara ce mai gudu, kamar an shaƙe ɗan tsako. Saratu ta toshe bakinta da gefen zane. Baba Tumba ya juyo da fuskarsa wajen injin ya ce wannan ba jikansa ba ne, a kashe. Na miƙa hannu zan ɗaga allurar, hannun ya ƙi. Muna nan a haka har ƙarfin injin ya fara ƙarewa, farantin ya rage gudu. Sai muryar ta fara saukowa, a hankali, kamar mutum yana gangarowa daga kan dutse kana hango shi yana girma. Sai ga Tizhe. Shi ɗin, da ɗan dushewar nan tasa, har jan numfashin da yake yi kafin ya ɗaga murya. Baiti ɗaya, da rabin na biyu. Sannan ta wuce shi ta yi ƙasa, ta zama kamar nishin bijimi, ta tsaya.

Adda Dudu, wadda ba ta jin Kamwe ko kalma ɗaya, ta ce a hankali, "Wallahi shi ne."

Da na tsaya a nan, da wataƙila an sami abin da za a ceta. Amma na riga na gane dabara. In na murɗa kaɗan kawai, injin zai fara a gajiye, muryar ta zo da wuri. Na murɗa, na sauke. Na matsar da allura gaba don in kamo wani baitin. Na juya ɗaya fuskar. A karo na uku na ga wani baƙin zare siriri yana naɗuwa a bakin allurar. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Na hure shi na ci gaba. Masi tana kuka tana riƙe mini zane, Saratu kuwa ba ta ce in bari ba, ita ma so take. Kowane karo muryar tana ƙara nisa, wata ƙara tana rufe ta kamar ruwa a kan kwanon rufi. Ban ƙirga sau nawa ba. Na daina ne da ya zamana ruwan kaɗai ake ji.

Da la'asar Zira ya shigo, taɓo har gwiwa. Baƙin duk sun watse, ban kuma kwashe komai ba, don ba na cikin matan da ke ɓarna su share wuri. Ya jingine keke. Ya dubi tebur, ya dubi kwalin da na cusa, ya girgiza teburin da hannu ya ji bai motsa ba. Sannan ya ɗauki faifan ya ɗaga shi sama. Da baƙi ne mai sheƙi. Yanzu ya zama toka-toka, haske ba ya bin sa.

"Kin ji shi?"

Na ce na ji.

"Muryarsa ta gaske?"

Na ce kaɗan.

Ya ce to. Ya mayar da faifan cikin kwali, ya je ya wanke ƙafarsa. Ban ba shi haƙuri ba. Bakina bai saba ba, kuma a lokacin ina ganin da ya saurare ni tun farko da mun ji tare.

Da kaka injin ya iso. Ya kafa shi yadda ya saba, ya sa faifan sau ɗaya, ina madafa ina ji. Ya zauna ya saurari ƙarar nan tun daga farko har ƙarshe, fuska biyu, bai ɗaga allura ba. Fasto ya rubuta wasiƙa ko za a sami wani, amsa ba ta zo ba. Ashe sauran ba a taɓa buga su ba. Bayan shekara uku ciwon ƙirji ya kwantar da Zira, ya tafi bai ji ɗansa ba.

Yanzu in na ratsa kasuwa ina ganin faifai jibge a rana, sun lanƙwashe kamar ganyen da ya sha wuta, mai su yana gyangyaɗi. Yaƙin basasa ya zo ya wuce, 'yan kudun da suka san aikin da yawa ba su dawo ba. Rumfar Zira batir ake sayarwa a cikinta. Samari suna yawo da rediyo mai kaset a kafaɗa, tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. An ce da shi kowa zai iya ɗaukar muryar uwarsa, ya goge, ya ɗora waƙar rawa a kai. Ina tambayar kaina me Zira zai ce. Na san zai ce sautin ba shi da jiki. Na kuma san da shi zai fara saye, ya bi tsofaffin majami'a gida gida yana ɗaukar muryarsu.

Mutane suna tuna shi da taurin kai. Ni ma haka na ɗauke shi shekaru da yawa, har na ɗauka sanyin zuciya ne. Sai da na zauna ni kaɗai a gidan nan na gane lissafinsa. Ni rana ɗaya nake nema. Shi yana so mu riƙa jin yaron duk Lahadi har mu mutu, in mun mutu Saratu ta ɗauka. Duk kwanakin nan da nake zaginsa, shi ma yana kwana da akwatin a gefen kansa, makulli a hannunsa, ya fi kowa sanin yadda ake buɗewa. Abin da ya rage nasa ba yawa: mutum biyu ko uku a garin nan da har yau ba sa kafa inji sai sun zuba ruwa a murfi, da ni, da nake faɗin wannan.

Washegarin ranar da na lalata faifan, ya riga ni fita, bai sha kunu ba. Na ɗaura zane na bi shi kasuwa. Na same shi zaune ya buɗe cikin wani garmaho yana shafa mai. Ni da ko a majami'a ba a taɓa jin muryata ba, na tsaya a bakin rumfa, gaban masu ɗinki da masu goro, na fara waƙar Tizhe daga baitin farko. Kekunan ɗinki suka tsaya. Bai ɗago kai ba har na kai ƙarshe. Hannunsa dai ya daina motsi.

"Kin cika sauri, Uwar Tizhe," in ji shi. "Shi ba ya sauri."

Na rage, na sake daga farko.